Tambayoyi da Amsoshi a kan Kafasitar da Ake Sanyawa a Ƙafafun Wutar Maikrokantirola

Duk wanda ya ƙura wa allon Arduino ido, ko ya buɗe takardar bayanan wata maikrokantirola (ƙaramar kwamfuta a cikin guntu ɗaya da ke sarrafa na'ura), zai ga wata 'yar ƙaramar kafasita, wato abar da ke tara caji, wadda masu gyaran rediyo suka fi sani da kwandansa, an maƙala ta daf da ƙafar da wuta ke shiga. Ɗaliban da ke haɗa aikin kammala karatu da masu ƙera na'urori a gida sukan tambaya ko wannan kafasitar tallafi dole ce, ko kuwa al'ada ce kawai da injiniyoyi suka gada daga magabatansu. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta tare da amsoshinsu.

Shin dole ne a sanya wa kowace maikrokantirola wannan kafasitar?

Dole ne. Kamfanonin da ke ƙera su, irin su Microchip da STMicroelectronics da Espressif da Raspberry Pi, duk sun nemi a sanya ta a takardun bayanan kayansu, kuma duk alkawarin da suka yi na gudu da daidaito sun yi shi ne bisa zaton cewa an bi wannan umarni. Abin da aka saba shi ne kafasitar seramik mai nanofarad 100 tsakanin kowace ƙafar wuta da ƙafar GND (ƙafar da wuta ke komawa ta cikinta) mafi kusa da ita, sannan wata babba mai maikrofarad 4.7 zuwa 10 ko fiye da haka a inda wuta ke shigowa allon. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba, kuma wurin da take ci a allo bai kai ƙwayar shinkafa ba idan ta mannawa ce, wato marar dogayen ƙafafu da ake liƙawa a saman allo, saboda haka babu wata riba da mutum zai ƙirga don ya bar ta.

Kantirolata miliamfiya 10 kacal take ja. Me zai sa ta buƙaci tallafi?

Wannan adadi matsakaici ne, kuma matsakaici yana ɓoye ainihin yadda ake jan wutar. A cikin kantirola akwai dubban taransistoci da ke kunnuwa da mutuwa tare a duk lokacin da agogonta ya buga. A daidai wannan bugun ne suke zuƙar wuta gaba ɗaya, sannan su kusan daina ja har sai bugu na gaba ya zo. ATmega328P da ke kan Arduino Uno tana gudu a megahaz 16, wato agogonta yana bugawa sau miliyan 16 a daƙiƙa guda, kuma tsakanin bugu da bugu nanosakan 62.5 ne kawai (nanosakan kashi ɗaya ne cikin biliyan na daƙiƙa). Zuƙar kanta ba ta wuce 'yan nanosakan ba, amma tsayinta yana ninka matsakaicin sau da yawa, musamman idan ƙafafun fitarwa da dama suka sauya matsayi a lokaci guda.

Matsalar ita ce kowace waya, komai gajartarta, tana da abin da ake kira indaktans, wato halin ƙin yarda kwararar wuta ta sauya farat ɗaya. Ƙiyasin da masu aikin ke amfani da shi shi ne kimanin nanohenri 1 ga kowace milimita ta waya. Idan tsakanin kantirola da tushen wutarta akwai waya mai santimita 10, an samu kusan nanohenri 100 ke nan. A ce kantirolar ta nemi ƙarin miliamfiya 50 cikin nanosakan 5. Ana samun faɗuwar ƙarfin wuta ta hanyar ninka indaktans da yawan sauyin, a raba da lokacin da sauyin ya ɗauka, kuma a wannan lissafi amsar bolt 1 ce cur. Wutar da ya kamata ta tsaya a bolt 5 ta nutse zuwa 4 na ɗan ƙiftawa, ba don tushen wutar ya gaza ba, sai don wayar ta hana ta isowa a kan lokaci.

Idan kuma akwai kafasita mai nanofarad 100 a bakin ƙafar, ita ce za ta biya wannan buƙata daga cajin da ta tara. Miliamfiya 50 na tsawon nanosakan 5 zai rage mata milibolt 2.5 ne kawai, sannan ta sake cika a hankali kafin bugu na gaba. Matsayinta matsayin randa ne a bakin madafi: ruwan daga rijiya yake zuwa, amma mai girki ba ta zuwa rijiya duk lokacin da take son moɗa ɗaya.

Ina da regileta mai kyau da babban batiri. Ba su isa ba?

Ba su isa ba, domin ba ƙarancin wuta ake magana a kai ba, jinkirin isowarta ake magana. Regileta, wato mai daidaita ƙarfin wuta, irin 7805 ko AMS1117 tana lura da abin da take fitarwa ta gyara shi, amma wannan gyara yana ɗaukar ta maikrosakan, alhali zuƙar kantirola ta zo ta wuce cikin nanosakan. Ko batirin mota aka jona, wayar da ke tsakaninsa da kantirolar tana nan da indaktans ɗinta. Kada kuma a manta cewa ita ma regiletar tana da nata kafasitocin da takardarta ta nema, misali maikrofarad 0.33 a shiga da 0.1 a fita ga 7805, kuma waɗannan ba sa maye gurbin ta bakin ƙafar kantirola sai idan regiletar tana manne da ita.

To amma na haɗa tawa ba tare da ita ba, kuma tana aiki lafiya. Yaya ke nan?

Wannan gaskiya ne, yana faruwa sosai, kuma shi ne dalilin da ya sa gardamar ta ƙi ƙarewa. Kantirola mai gudu a megahaz 1 ko 8, wadda aikinta bai wuce kunna fitila da kashewa ba, tana iya shekara tana aiki ba tare da kafasitar ba. Akwai ɗan tanadin caji a cikin ita kanta kantirolar, kuma ATmega328P tana iya aiki daga bolt 1.8 zuwa 5.5, saboda haka idan gudunta kaɗan ne tana da sarari mai faɗi da za ta jure nutsewar wuta. Sai dai wannan sarari yana ƙuntata yayin da gudu ke ƙaruwa. Takardar bayananta ta nuna cewa a megahaz 10 tana buƙatar aƙalla bolt 2.7, a megahaz 20 kuwa sai da bolt 4.5.

A ganina, hujjar “tana aiki” ita ce mafi rauni a dukkan fagen lantarki. Na'urar da ta yi aiki a kan tebur, da rana ɗaya, da gajeriyar waya, ba ta shaida komai a kan yadda za ta kasance idan an sanya ta cikin akwati kusa da injin famfo, ko batirinta ya fara sanyi, ko an sauya kantirolar da wata 'yar uwarta daga wani zubin na daban. Rashin kafasitar ba ya kashe na'ura nan take. Abin da yake yi shi ne ya cinye rarar da ke kare ta, ta yadda ƙaramin abu zai kayar da ita, kuma irin wannan matsala da ke zuwa sau ɗaya a mako ta fi wadda ke zuwa kullum wahalar ganowa.

Waɗanne alamomi ne ke nuna cewa matsalar daga nan take?

Alama mafi yawa ita ce kantirola ta riƙa sake tashi da kanta, musamman a daidai lokacin da rile (makunnin da wuta ke ɗanawa) ya ɗana ko mota, wato injin lantarki mai juyawa, ta fara juyawa. Akwai kuma tsayawa cak a tsakiyar aiki, da rubutun shirme a fuskar LCD, da gazawar loda manhaja wani lokaci a yi nasara wani lokaci a kasa, da karatun sensa da ke tsalle sama da ƙasa alhali abin da ake aunawa bai motsa ba. Wani lokaci bayanan da aka adana a EEPROM, ma'ajin da ba ya gogewa idan wuta ta ɗauke, su ne ke gurɓata. Idan na'ura tana gyaruwa ko tana lalacewa da zarar an taɓa wayoyinta da hannu, ya kamata a fara zargin wuta kafin a zargi manhaja.

Kantirolocin AVR, dangin da ATmega328P ta fito, suna da mai gadin wuta a cikinsu wanda ke sake tayar da su idan ƙarfin wuta ya sauka ƙasa da iyakar da aka zaɓa, kuma a ATmega328P iyakokin uku ne: bolt 1.8 da 2.7 da 4.3. Idan shi ne ya tayar da ita, yana barin shaida a rajistar MCUSR, a tutar da ake kira BORF. Karanta wannan rajista a farkon manhaja yana raba gardama tsakanin matsalar wuta da kuskuren rubutu, ko da yake a wasu allunan Arduino manhajar lodi tana goge shaidar kafin taka manhajar ta fara.

A ina daidai ake sanya ta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Mutane sukan ɓata lokaci suna muhawara a kan girman kafasitar, alhali wurin zamanta ne ke yanke hukunci. Wutar da kafasitar ke bayarwa tana yin zagaye ne: ta fita daga ƙafarta ɗaya, ta shiga ƙafar wutar kantirola, ta ratsa cikinta, ta fito ta ƙafar GND, ta koma ɗaya ƙafar kafasitar. Duk tsawon wannan zagaye indaktans ne, har da hanyar dawowa, wadda ita ce ake yawan mantawa da ita. Kafasitar da ke kusa da ƙafar wuta amma GND ɗinta ya yi doguwar tafiya kafin ya iso, ba ta kusa. Microchip ya ba da shawarar kada tazarar ta wuce milimita 6 a takardun kantirolocinsa na PIC da dama.

A ATmega328P mai ƙafafu 28, an sauƙaƙa aikin, domin ƙafa ta 7 ita ce VCC, wato ƙafar wuta, ta 8 kuma GND, suna maƙwabtaka da tazarar milimita 2.54. A kan allon gwaji mai huji-huji, sai a datse ƙafafun kafasitar su zama gajeru, a soka su a hujin da ke bin bayan waɗannan ƙafafu biyu kai tsaye, har jikinta ya kusa taɓa jikin kantirolar. Abin da ake yawan gani a ayyukan ɗalibai shi ne kafasita mai dogayen ƙafafu kamar yadda aka sayo ta, an soka ta can a layin wuta na gefen allo, sannan an jawo wayoyi biyu masu santimita 10 zuwa kantirolar. A zanen da'ira babu kuskure ko ɗaya, amma a zahiri kusan ba a sanya komai ba.

PIC16F877A tana da VDD (ƙafar wuta) a ƙafa ta 11 da ta 32, VSS (wato GND) kuma a ta 12 da ta 31, saboda haka kowane ɓangare yana samun tasa. Masu wahala su ne irin AT89S52, wadda wutarta ke ƙafa ta 40, GND kuma a ta 20, a kusurwoyi biyu masu nisa da juna. A irin wannan, dabarar da ta fi ita ce a liƙa kafasitar da dalma a ƙarƙashin allo, a tsallake daga kusurwa zuwa kusurwa ta hanya mafi gajarta. Idan kuwa allo ne da aka zana aka buga, to a ware shafi guda ya zama shimfiɗar tagulla ta GND, a sa kafasitar a gefe ɗaya da kantirolar, a huda mata hanyar sauka zuwa shimfiɗar daf da ƙafarta.

Me ya sa kullum nanofarad 100 ake cewa? Kuma yaya zan gane ta a kasuwa?

Babu wani sirri a adadin. Girma ne da ya isa ya ɗauki zuƙar kantiroloci na yau da kullum, ana samunsa a ƙaramin jiki mai arha, kuma an daɗe ana amfani da shi tun zamanin da'irorin TTL. Kowace kafasita tana da ɗan indaktans nata, kuma akwai wata mita, wato saurin kai-da-kawon wuta da ake aunawa da megahaz, da idan aka wuce ta, indaktans ɗin ne ke rinjaye. Ga mai nanofarad 100 ta mannawa, wadda zagayenta bai wuce nanohenri 1 ba, wannan mita tana wajen megahaz 16. Idan mai ƙafafu ce kuma zagayen ya kai nanohenri 10, sai ta sauko zuwa wajen megahaz 5. Sama da wannan mita ba ta daina amfani ba, amma abin da ke tantance ingancinta a can shi ne gajartar hanya, ba yawan farad ba. Idan babu mai 100 a hannu, mai 220 ko 470 ko ma maikrofarad 1 ta seramik za ta yi aikin.

A wajen masu sayar da kayan gyara, abin da za a nema shi ne wadda aka rubuta wa 104 a jiki. Lambobi biyu na farko su ne adadin, na uku kuma yawan sifilin da za a ƙara, a ma'aunin fikofarad. Ke nan 104 tana nufin fikofarad 100,000, wato nanofarad 100, wato maikrofarad 0.1. Mai 103 nanofarad 10 ce, mai 105 maikrofarad 1 ce. A yi hattara da mai 101, domin fikofarad 100 ce kawai, ta gaza abin da ake nema sau dubu. Haka nan 'yan ƙananan masu 22 da ake sanyawa a gefen kiristal aikinsu daban ne. Na mannawa kuwa ba a rubuta musu komai, sai an auna da mita ko an dogara da rubutun faifan da suka zo a ciki.

Idan na sa babbar kwandansa mai maikrofarad 1000, ai ta ninka ƙaramar. Ba shi ke nan ba?

A'a. Babbar kafasita ta elektirolaitik takardar alminiyum ce aka naɗe a cikin gwangwani, kuma tana da turjiya da indaktans na ciki da suka fi na seramik nesa ba kusa ba. Tana da caji mai yawa, amma ba ta iya sakinsa cikin nanosakan. Aikinta shi ne ta riƙe wuta a sauye-sauye masu ɗaukar maikrosakan zuwa milisakan, irin tashin mota ko kunnuwar fitilu da yawa, ƙaramar kuma ta ɗauki zuƙar agogo. Ana sanya su tare ne, babbar a mashigar wuta, ƙaramar a bakin ƙafa. A lura da fuska wajen sanya babbar: a ta alminiyum, zanen da ke gefe yana nuna ƙafar negatif, amma a ta tantalam zanen yana nuna fozitif, kuma tantalam da aka juya tana iya kamawa da wuta. Ta seramik ba ta da gaba ko baya.

Kantirolata tana da ƙafafun wuta da yawa. Guda ɗaya ba za ta wadatar da su ba?

Kamfanin bai ƙara ƙafafun don ado ba. Kowace tana ciyar da wani sashe na cikin kantirolar ta hanya mafi kusa, saboda haka kowace tana son tata kafasitar, kuma dole a jona dukkansu ko da mita ta nuna cewa a haɗe suke ta ciki. STM32F103 mai ƙafafu 48, wadda ke kan allon da ake kira Blue Pill, tana da VDD guda uku, kowace da nanofarad 100, da ƙarin maikrofarad 4.7 guda ɗaya, sannan VDDA tana da nata na daban.

Ƙafar wutar sashen analog, wato AVCC a AVR ko VDDA a STM32, tana buƙatar ƙarin kulawa idan ana son karatun ADC, sashen da ke mayar da ƙarfin wuta zuwa lamba, ya fito da tsabta. A ATmega328P ita ce ƙafa ta 20, kuma takardar bayanan ta nuna a shigar mata da wuta ta cikin indakta mai maikrohenri 10, a sa nanofarad 100 tsakaninta da GND na ƙafa ta 22. Ko ba a amfani da ADC, ba a barin ta a sake. Ƙafa ta 21, wato AREF, ita ma ana sa mata nanofarad 100 zuwa GND.

Akwai kuma wani rukuni da kuskure a cikinsa ya fi muni. Kantiroloci da yawa na zamani suna da regileta a cikinsu wadda ke samar wa zuciyarsu ƙaramar wuta, kuma tana fito da ƙafa musamman don a sa mata kafasita. A STM32F407 sunanta VCAP kuma maikrofarad 2.2 ake sanyawa. RP2040, wadda Raspberry Pi ya fitar a 2021, tana samar da bolt 1.1 a ciki, tana kuma neman maikrofarad 1 a mashiga da mafitar regiletarta. A nan ba a bin ƙa'idar 104, adadin da takarda ta faɗa shi ake sanyawa, domin idan babu shi kantirolar tana iya ƙin tashi gaba ɗaya.

Duk seramik ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma zafin ƙasashenmu ya sa wannan tambaya ta fi nauyi a wurinmu. Nau'in X7R yana riƙe adadinsa cikin kashi 15 cikin ɗari daga digiri 55 ƙasa da sifili har zuwa 125. X5R haka yake, sai dai iyakarsa digiri 85. Y5V kuwa, wanda ya fi arha, an yarda masa ya rasa har kashi 82 cikin ɗari na adadinsa a iyakokin zafinsa. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, na'urar da aka rufe cikin akwatin ƙarfe a kan rufi kusa da faifan sola tana fuskantar zafin da ya zarce haka sosai. A irin wannan aiki X7R ya kamata a nema. Su ma na elektirolaitik zafi ne ke cinye su, domin ƙa'idar da aka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba tsawon rayuwarsu biyu, shi ya sa mai rubutun digiri 105 ta fi mai 85 dacewa.

Wani hali na seramik da ba a cika sani ba shi ne adadinsa yana raguwa idan wutar da ke kansa ta kusanci iyakar da aka rubuta masa, musamman masu babban adadi a ƙaramin jiki. Kafasita mai maikrofarad 10 da aka yi wa iyakar bolt 6.3 tana iya rasa rabin adadinta ko fiye a kan layin bolt 5. Zaɓar mai iyakar bolt 16 ko 25, a jiki mai ɗan girma, yana rage wannan asara.

ESP32 ɗina tana ta sake tashi duk lokacin da Wi-Fi ya kunnu, alhali na sa 104. Me ya rage?

A nan an shiga wata matsala ta daban wadda ƙaramar kafasita ba ta da ƙarfin magancewa. Idan aka buɗe tagar siriyal, inda kantirola ke rubuto saƙonninta a kwamfuta, sau da yawa za a ga saƙon “Brownout detector was triggered” yana maimaituwa. Lokacin da ESP32 ke aika saƙo ta iska tana jan sama da miliamfiya 200, kuma ba na nanosakan ba, na ɗaruruwan maikrosakan zuwa milisakan. Espressif ya nemi tushen wutar ya iya bayar da aƙalla miliamfiya 500. Mafi yawan lokuta mai laifin shi ne siririyar wayar USB mai tsawo, ko regileta ƙarama, ko ɗaukar wutar daga ƙafar bolt 3.3 ta wani allo. Gyaran shi ne waya gajeriya mai kauri, da regileta mai ƙarfi, da kafasita mai maikrofarad 10 zuwa 100 kusa da modul ɗin, ƙari a kan 104.

Modul ɗin SIM800L da ake amfani da shi wajen aika saƙon tes ya fi haka tsanani, domin yana iya jan amfiya 2 na tsawon maikrosakan 577 a kowane milisakan 4.6. Ko kafasita mai maikrofarad 1000 aka bar wa wannan nauyi ita kaɗai, za ta sauka da sama da bolt 1 a zuƙa guda, alhali modul ɗin tsakanin bolt 3.4 da 4.4 yake aiki. Kafasita tana taimakawa, amma dole tushen wutar kansa ya iya ɗaukar nauyin. Haka batun rile da mota yake: suna buƙatar dayod a gicciye da naɗinsu don ya shanye wutar da ke dawowa idan an kashe su, kuma gara a ba su layin wuta nasu dabam da na kantirola, a haɗa GND a wuri guda.

Idan cikakken allon Arduino ko Pico nake amfani da shi fa?

An riga an sanya wa kantirolar da ke kansa. Abin da ya rage shi ne duk wani IC (guntun lantarki mai ƙafafu irin kantirola) ko modul da aka ƙara daga waje, kowanne da tasa 104 a bakin ƙafarsa. Modul ɗin rediyo na nRF24L01 ya yi suna wajen ƙin aiki sai an liƙa masa maikrofarad 10 kai tsaye a ƙafafun wutarsa.

Za ta iya riƙe na'urar idan an ɗauke wuta ko ana sauyawa zuwa janareta?

Ba za ta iya ba. Nanofarad 100 da ake jan miliamfiya 10 daga gare ta tana sauka da bolt 1 cikin maikrosakan 10. Ko mai maikrofarad 1000 kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai za ta riƙe. Wannan aikin batiri ne. Haka kuma ba ta kare na'ura daga wutar da ta zo da ƙarfi fiye da kima ko daga tsawa, waɗannan suna da nasu kayan kariya.

Masu gyaran waya sukan cire kafasitar da ta yi shot, wayar kuma ta tashi. Wannan bai nuna ba ta da amfani ba?

Abin da suke yi daidai ne a matsayin gano cuta. Seramik yana tsagewa idan waya ta faɗi ko allonta ya lanƙwashe ko ruwa ya shiga, kuma idan ya tsage yakan haɗe layin wuta da GND, sai layin gaba ɗaya ya mutu. Mai gyara a kasuwa irin Farm Centre ta Kano yakan gano ta ta hanyar zafin da take yi, ya ɗauke ta, wayar ta dawo. Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne a kan layi ɗaya na wayar salula akwai kafasitoci da yawa a jere, ta yadda rashin guda ɗaya ba ya bayyana nan take. Allon da ke da kantirola ɗaya da kafasita ɗaya ba shi da wannan rara. Ko a wayar ma, mayar da sabuwa ya fi barin gurbin, musamman idan babba ce ko tana kusa da IC mai rarraba wuta.

Yaya zan auna in gani da idona?

Mita ta hannu ba za ta nuna komai ba, domin matsakaici take karantawa sau kaɗan a daƙiƙa, saboda haka za ta ce bolt 5 ko da wutar tana nutsewa sau miliyoyi. Sai da osiloskof, na'urar da ke zana hawa da saukar wuta a fuskarta, a sa shi a yanayin AC, a ɗora bakinsa a kan ƙafar wutar kantirolar kanta. A cire doguwar wayar GND mai maƙali da ke zuwa da shi, a yi amfani da ɗan gajeren sifirin da ake naɗawa a bakinsa, in ba haka ba wayar za ta kwaso hayaniyar da babu ita a layin. Wanda ba shi da osiloskof yana da gwaji mai sauƙi: ya liƙa 104 kai tsaye a ƙafafun kantirolar, ya ƙara maikrofarad 10 zuwa 100 a mashigar wuta, ya bar na'urar ta yi aiki a yanayin da ta saba faɗuwa.

Ana iya yin yawa?

Ana iya yi, ko da yake ba kasafai ba. Kafasita mai girman gaske tana zuƙar wuta da yawa a lokacin da aka jona ta, shi ya sa ƙa'idar USB 2.0 ta taƙaita abin da na'ura za ta ɗora kai tsaye a layin bolt 5 zuwa maikrofarad 10. Wasu tsofaffin regiletoci kuma sukan yi rawa idan aka sa musu seramik zalla a mafita, saboda an tsara su ne da tantalam. Tsohuwar al'adar jera adadi uku a ƙafa ɗaya, wato nanofarad 100 da 10 da 1, ita ma tana iya haifar da wata mita a tsakaninsu inda suke karo da juna maimakon su taimaki juna. Ga kantirola irin AVR ko PIC ko STM32, guda ɗaya a kowace ƙafa ta wadatar, sai fa inda takardar bayanan ta nemi a haɗa biyu, kamar maikrofarad 1 da nanofarad 10 da STM32F103 ke so a ƙafar VDDA.